Zuwa Tsibiran Kudu Idan Jirgin Sama Ya Ƙi Tashi

Tsibirin Bonny yana bakin Tekun Atlantika, kimanin kilomita 40 kudu da Fatakwal, daidai inda Kogin Bonny ya shiga teku. A nan kamfanin NLNG ya kafa masana'antar da ke sanyaya iskar gas har ta koma ruwa, wadda ta yi lodin jirginta na farko zuwa ƙasashen waje a watan Oktoban 1999. A nan kuma babbar tashar lodin ɗanyen mai da kamfanin Shell ya gina take. Duk da wannan arziki, tsibirin ya ƙare ƙarni na 20, ya ci shekaru sama da 20 a cikin wannan ƙarni, babu hanyar mota da ta haɗa shi da sauran Najeriya. A tsawon wannan lokaci, mai shiga Bonny ko dai ya bi sama ko ya bi ruwa. Sama kuwa ta masu ita ce: akwai ƙaramin filin jirgi a wajen Finima, amma jiragen da ke sauka a kansa na shata ne, masu jigilar ma'aikatan kamfani da baƙinsu. Mai albasa da mai tsire da ɗan acaba da shumeka, da ma mafi yawan Ibani 'yan asalin tsibirin, ruwa suka sani.

Saboda haka idan aka ce zirga-zirgar jiragen sama ta tsaya, jirgin da ya dami Bahaushe mai nufin tsibiri shi ne wanda zai kawo shi kusa, wato Fatakwal, ko Inugu, ko Asaba da ke tsallaken Anaca. Tafiyar hawa uku ce, sama da ƙasa da ruwa, kuma kowane hawa da agogonsa. Jirgin sama yana bin jadawalin kamfani, mota tana jiran cikar fasinja, jirgin ruwa kuwa rana yake dubawa da cikar teku da janyewarta. Biyun farko ana iya lallaɓa su da kuɗi ko da magiya. Na ukun ba ya jin magana, kuma mafi yawan wahalar da matafiya ke sha, har da asarar rai, daga nan take tasowa: an makara a sama, ana so a fanshe a ruwa.

Garuruwa uku da hanyar ke ratsawa, wato Anaca da Inugu da Fatakwal, ba baƙin wuri ba ne ga Hausawa. Anaca ce ta fi daɗewa da su. Tun ƙarni na 19 fatake Hausawa da Nufawa suke gangarowa Kogin Kwara cikin kwalekwale daga wajen Lakwaja, suna sauka a bakin ruwan Anaca, kuma har yau masallacin titin Bida da kasuwar Ose da bakin gada su ne wuraren da baƙo daga Arewa ke fara tambaya. Inugu da Fatakwal kuwa kwal ne ya haife su. An gano kwal a tsaunukan Udi a 1909, Turawa suka shiga neman inda babban jirgin ruwa zai iya tsayawa ya ɗauke shi, suka zaɓi wata gaɓa mai tudu a kan Kogin Bonny a 1912, suka ba ta sunan Lewis Harcourt, sakataren mulkin mallaka na Ingila. Layin dogo ya haɗa garuruwan biyu a 1916, daga baya ya miƙa Arewa ta Makurɗi da Kafanchan. Shanu da gyaɗa da kuza suka bi dogo suka gangaro, masu su suka biyo baya. A shekarun 1950 har Malam Umaru Altine, Bafulatani ɗan ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko. A yau ana samun Hausawan Inugu a Asata wajen babban masallaci, da Akwata a gefen kasuwar Ogbete, da Gariki. Na Fatakwal suna Diobu, daga Mil 1 zuwa Mil 3, da tsohon gari wajen titin Victoria, da kasuwar kayan marmari ta D-Line, da Oyigbo a hanyar Aba.

Amfanin wannan zama ga matafiyi ya wuce masauki da tuwo. Kowace unguwa tana da Sarkin Hausawa, kowace sana'a tana da shugabanta, kuma a cikin 'yan kasuwar akwai waɗanda ke tsallaka ruwa sau biyu ko uku a mako suna kai kaya. Su ne suka san matuƙin da ke da hankali da wanda ke cika lodi, su ne suka ji ko an tare wani jirgi jiya, su ne za su ce wa baƙo ya ajiye jakarsa ya kwana. Wannan labari ba ya cikin waya, ba ya kan allon filin jirgi. Baƙon da ya sauka ya zarce bakin ruwa ba tare da ya leƙa zango ba ya bar abin da ya fi tikiti muhimmanci.

Filin jirgin saman Fatakwal yana Omagwa, a arewacin gari, kuma tarihinsa ya isa ya nuna dalilin da ba a dogara da sama ita kaɗai. A watan Yulin 2005 jirgin Air France da ya taso daga Faris ya afka cikin garken shanu a kan titin sauka. Ranar 10 ga Disamban wannan shekara jirgin Sosoliso ya faɗi a filin, mutum 108 suka rasu, da yawansu ɗaliban makarantar Loyola ta Abuja masu komawa gida hutu. A watan Agustan 2006 aka rufe filin gaba ɗaya domin gyara, bai sake karɓar fasinja ba sai Disamban 2007. Tsawon watannin nan 16, birnin da ke riƙe da harkar man ƙasar ya koma sauke baƙinsa a Owerri, a kwaso su a mota, sai ƙananan jirage da ke amfani da filin sojojin sama na cikin gari. Inugu ta ɗanɗana irin wannan daga baya. An rufe filin Akanu Ibiam ranar 24 ga Agustan 2019 saboda lalacewar titin sauka, aka buɗe shi ranar 30 ga Agustan 2020, kuma kamfanin Ethiopian, wanda shi ne ke haɗa garin da ƙasashen waje, ya mayar da jirginsa Fatakwal na wannan lokaci. A tsakani annobar korona ta tsayar da jiragen cikin gida duka daga ƙarshen Maris zuwa Yulin 2020.

Waɗannan manyan rufewa ne, ana sanar da su, mutum ya shirya. Abin da ya fi cutar matafiyi shi ne ƙananan na kullum. Hazon hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, yakan hana tashi a Kano ko sauka a Kudu. Man jirgi yakan yi tsada ko ya yi wuya; a watan Mayun 2022 ƙungiyar kamfanonin jiragen cikin gida ta yi barazanar dakatar da aiki bayan lita ta tashi daga naira 190 zuwa 700, kuma a watan Yulin shekarar kamfanin Aero, mafi daɗewa a cikinsu, ya tsayar da jigilar fasinja na wasu watanni. Ga shi kamfanonin ba su da jirage da yawa, jirgi ɗaya ke zagaya garuruwa huɗu ko biyar a yini, don haka jinkirin awa ɗaya da safe a Legas yakan zama na awa huɗu da yamma a wani gari. Wasu ƙananan filayen kuma ba sa karɓar jirgi bayan faɗuwar rana. Mai tasowa daga Kano ko Sakkwato galibi sai ya canja jirgi a Abuja ko Legas, wato hanyoyin makararsa biyu ne. Dokokin hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, sun ba fasinja damar karɓar kuɗinsa idan an soke tafiya, amma mayar da kuɗi ba ya mayar da safiyar da ta wuce.

Akwai sa'a guda a wannan yanki: filayen jirgi sun yi kusa da juna. Owerri tana da nata, Asaba ta buɗe nata a 2011, Anambra ta buɗe na Umueri a ƙarshen 2021, Bayelsa ta fara karɓar jiragen fasinja a shekarar, ga Uyo ga Kalaba. Daga Owerri zuwa Fatakwal tafiyar kimanin kilomita 100 ce. Wanda aka soke masa jirgin Fatakwal na safe, sau da yawa gara ya nemi kujera zuwa Owerri ko Uyo ya ƙarasa a mota da ya zauna jiran alkawarin gobe.

Idan sama ta ƙi gaba ɗaya, sai ƙasa. Daga Kano zuwa Fatakwal ya haura kilomita 1,000. Manyan motocin safa suna tashi daga Sabon Gari, su kwana suna tafiya, masu ƙaramin ƙarfi kuma su hau tirela tare da shanu ko buhunan albasa. Hanya ɗaya tana bi ta Lafiya da Makurɗi da Otukpo ta faɗo mararrabar 9th Mile a ƙofar Inugu, ta wuce kasuwar shanu ta Lokpanta da Okigwe da Umuahia da Aba. Ɗayar tana bi ta Lakwaja da Okene da Auchi da Agbor, ta haye gadar Anaca, ta bi Owerri da Elele, inda Hausawa maharban giwa suka zauna tun ƙarshen ƙarni na 19. Tun watan Agustan 2021, da ƙungiyar 'yan aware ta IPOB ta yi kiran zaman gida ranar Litinin, direbobi suka koyi tsara tafiya yadda ranar ba za ta riske su tsakanin Anaca da Inugu da Aba ba. Kisan mafarauta 16 a Uromi a watan Maris na 2025, suna hanyar komawa Kano daga Fatakwal, ya sa shugabannin zango suka ƙara matsa wa matafiya kan riƙe katin shaida da barin duk abin da za a iya kira makami. Jirgin ƙasan da ya kafa garuruwan nan ya daɗe da daina zuwa Arewa. Guntun Fatakwal zuwa Aba ne aka farfaɗo da shi a 2024.

Babbar mashigar ruwa a Fatakwal tana titin Creek, a tsohon gari, inda jiragen Bonny da Nembe da Bille ke lodi a jere. Wanda ya san tashar mota ya san rabin tsarin wurin: akwai 'yan ƙungiya, akwai layi, akwai takardar da fasinja ke rubuta sunansa da lambar wani ɗan'uwansa, kuma jirgi ba ya tashi sai ya cika. Takardar nan ba abin wasa ba ce. Idan wani abu ya faru, da ita ake sanin ko mutum nawa ake nema, kuma mutanen Arewa da ke shiga ba suna, ko su ba da laƙabi kawai, su ne waɗanda labarinsu ke daɗewa bai kai gida ba.

Jiragen iri-iri ne. Wanda fasinja suka fi shiga ƙarami ne, buɗaɗɗe, da injin fetur a maƙale a bayansa, yana ɗaukar mutum goma sha wani abu zuwa ashirin, kuma idan ruwa ya kwanta yakan kai Bonny cikin awa ɗaya ko ɗoriya kaɗan. Ba shi da rufi. Idan ruwan sama ya sauko sai a ja tamfol a lulluɓe kowa, matuƙi kaɗai ke ganin gaba. Sai manyan jiragen katako, waɗanda mutanen wurin ke kira jiragen Kwatano. Su ne tirelolin ruwa: doya, albasa, tumatir, siminti, babura, awaki, wani lokaci har shanu. Suna da arha, suna da nawa, kuma suna jin tsoron wuta, domin a cikinsu ake loda jarkokin mai kusa da masu girki; gobarar da ta tashi a mashigar titin Creek a watan Nuwamban 2021 ta cinye jirage da rayuka. Na uku su ne jiragen NLNG masu rufi da kujeru, waɗanda ke tashi daga tashar kamfanin a kan lokaci. Su suka fi aminci, amma kujerar da ake ware wa jama'ar gari ba ta da yawa, sai an yi rajista tun da wuri. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin ƙananan jiragen ya yi tsalle, domin injin ruwa ya fi na mota shan mai nesa ba kusa ba. Wasu kan rage tsawon ruwan ta hanyar shiga mota zuwa Bodo, a ƙasar Ogoni, su tsallaka daga can.

Abin da ya fi ba mutumin tudu mamaki shi ne ruwan ba ya zama wuri ɗaya. A Arewa kogi yana cika da damina ya janye da rani. A bakin teku wannan cika da janyewa sau biyu suke faruwa kowace rana, kimanin awa shida ruwa na hawa, awa shida yana sauka, kuma lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50 kullum, domin wata ne ke jan ruwan. Mai lissafin watan Musulunci yana da sauƙin ganewa: hawa da saukar sun fi ƙarfi a kwanakin tsayuwar wata da kuma wajen 14 da 15 gare shi. Idan ruwa ya janye, ƙananan rafukan da ke ratsa dajin itatuwan gishiri sukan koma taɓo, jirgi ya zauna a kan yashi har ruwa ya dawo, ko matuƙi ya zagaya ta babban kogi. Babban kogin kuma shi ne hanyar manyan jiragen gas da na mai, waɗanda igiyar da suke tayarwa ta isa ta kifar da ƙaramin jirgi idan matuƙi bai rage gudu ya fuskance ta ba. Ruwan saman Bonny yana haura milimita 4,000 a shekara, ninkin na Kano sau huɗu ko fiye, kuma daga Yuni zuwa Satumba teku ta fi hauka, musamman da yamma. Ruwan rafukan yana da gishiri. Yana yin alwala inda mai bai ɓata shi ba, amma ba ya shawuwa, don haka matafiyi da gorarsa yake shiga.

Hukumar kula da hanyoyin ruwa, NIWA, mai hedikwata a Lakwaja, ta hana tafiyar dare a ruwa kuma ta wajabta sa rigar kariya. Dokar tana da hujja. Ƙananan jiragen ba su da fitilar kirki, rafukan cike suke da kututture da tarkacen tsofaffin jirage da bututu, kuma wanda ya faɗa ruwa da dare ba a ganinsa. Arewa ta san sakamakon karya waɗannan ƙa'idoji: haɗarin Warrah a jihar Kebbi a watan Mayun 2021, na Bagwai a jihar Kano a ƙarshen Nuwamban shekarar, da na Patigi a watan Yunin 2023, dukkansu lodi ya yi yawa, rigar kariya babu. Ga mutumin Kano ko Katsina da bai taɓa koyon iyo ba, sanye da babbar riga da ke shan ruwa ta yi nauyi, rigar kariya ita ce dukkan dabararsa, kuma ɗaure ta ake yi, ba ɗorawa a cinya ba. A nan ne sauri ke haihuwar nawa. Jirgin sama ya sauka Omagwa ƙarfe 4 maimakon 11, cunkoson Rumuokoro, a hanyar shiga gari, ya ci awa ɗaya da rabi, mutum ya iso bakin ruwa rana ta yi ja, ga wani matuƙi yana cewa saura mutum biyu. Wannan jirgi na ƙarshe shi ne wanda masu masauki ke hana baƙinsu shiga.

Dare da yamma kuma lokacin 'yan fashin ruwa ne. A 2020 cibiyar IMB mai lura da fashin teku ta ƙidaya ma'aikatan jirgi 135 da aka sace a duniya, 130 daga cikinsu a Mashigin Gini. Najeriya ta yi dokar yaƙi da fashin teku a 2019, ta ƙaddamar da shirin Deep Blue na jiragen sintiri a watan Yunin 2021, kuma hare-hare kan manyan jirage sun ragu sosai. Na ƙananan jiragen fasinja ba su ƙare ba. Abin da 'yan fashin suka fi so shi ne injin, domin yana da tsada kuma yana da saurin sayarwa; sukan kwance shi su bar fasinja suna yawo a kan ruwa, wani lokaci su tafi da wasu cikin daji. Shi ya sa sojoji ke da shingaye a kan ruwa, inda al'ada ta zama fasinja su ɗaga hannuwa sama tun daga nesa har jirgi ya wuce.

Mai kuɗi yana iya tsallake duk wannan da jirgi mai saukar ungulu, kamar yadda kamfanonin mai ke yi daga filin sojojin sama na Fatakwal. Shi ma ba tabbas ba ne. Ranar 15 ga Disamban 2012 irin wannan jirgi na sojojin ruwa ya faɗi jim kaɗan bayan tashi daga Okoroba, a ƙaramar hukumar Nembe, ya hallaka gwamnan Kaduna Patrick Yakowa da Janar Andrew Azazi, suna komowa daga jana'iza. A watan Oktoban 2024 wani ya faɗa teku kusa da Finima ɗauke da mutum 8.

Tsibirin Brass, a jihar Bayelsa, ya fi Bonny wuyar zuwa. Can ne tashar man da Agip ya gina take, kuma daga ƙasar ne Sarki Koko na Nembe ya kai wa kamfanin Royal Niger hari a Akassa a 1895. A da sai a wuni cikin ruwa daga Fatakwal ko Yenagoa. Da hanyar mota ta isa Nembe tafiyar ta ragu, a sauka a can a shiga jirgi, kuma a 2022 gwamnatin jihar ta fara aikin miƙa hanyar daga Nembe zuwa Brass.

Anaca ba ta da teku, amma tana da tsibiran da damina ke ƙirƙira. Ƙasar Anam da Nzam a arewacinta, tsakanin Kwara da Kogin Omambala, da ƙasar Ogbaru a kudancinta, ƙasa ce mai kwari da ke ba da doya da shinkafa da kifi, kuma 'yan Arewa suna shiga saro da ƙwadago. Idan Kwara da Binuwai suka cika a Satumba da Oktoba, hanyoyi sukan nutse, garuruwa su koma sai da kwalekwale daga bakin ruwan Ose. A ambaliyar 2012 da ta 2022 abin ya kai maƙura. Ranar 7 ga Oktoban 2022 wani jirgi ɗauke da masu gudun ambaliya ya kife a Ogbaru, hukumomi suka ce mutum 76 sun rasu. Ita kanta Anaca da jirgin fito ake shigarta daga Asaba kafin a gama gadar farko a 1965. Ta biyun an buɗe ta a watan Mayun 2023.

Tsibirin da ya fi dacewa da sunan nesa shi ne Bioko, inda birnin Malabo na ƙasar Ikwatoriyal Gini yake, kimanin kilomita 32 daga gaɓar Kamaru. A zamanin da ake kiransa Fernando Po, yarjejeniyar da Ingila da Sifaniya suka ƙulla a 1942 ta kai dubban 'yan Najeriya gonakin koko ta jirgin ruwa daga Kalaba, wasu kuma suka bi ta ɓarauniyar hanya cikin kwalekwale. A 1975 da 1976, da zaluncin gwamnatin Macías Nguema ya tsananta, Najeriya ta kwaso mutanenta. Hausawa 'yan kasuwa sun daɗe a Malabo, har mutanen ƙasar kan kira kowane Musulmi Bahaushe. Jirgin sama tsakanin Malabo da biranen Najeriya yakan zo ya ɗauke gwargwadon ƙarfin kamfanin da ke yi. Idan ya ɗauke, wasu sukan bi ta Duwala, inda tsallakawar ba ta kai awa ɗaya a sama ba. Wasu sukan bi ruwa daga Kalaba ko Oron zuwa Limbe ko Tiko ko Idenau a Kamaru, yankin da rikicin 'yan aware ya shafa tun 2017. Wannan teku ce sosai, ba rafi ba. A watan Maris na 2013 jirgin katako da ya tashi daga Oron zuwa Gabon da mutum sama da 100, galibi 'yan kasuwa, ya nutse, kaɗan suka tsira. A watan Agustan 2019 jirgin Austrheim, mai zuwa Tiko daga Kalaba, ya kife a wajen Bakassi. Ikwatoriyal Gini da Kamaru ba sa cikin ECOWAS, don haka takardun da ke kai mutum Kwatano ko Accra ba su isa a nan ba. Malabo tana neman fasfo da biza da katin rigakafin shawara, kuma jami'anta ba su da sassauci ga wanda ya shigo ta ruwa ba takarda.

Akwai tsibirin da ya gwada rabuwa da ruwa, ya ga abin da ke ciki. Saint Helena, mallakar Ingila a tsakiyar kudancin Atlantika, inda Napoleon ya rasu a 1821, tana da mutum kimanin 4,500 kuma kusan kilomita 1,900 ne tsakaninta da gaɓar Afirka. Shekara da shekaru jirgin ruwa guda ne hanyarta, kwana biyar daga Cape Town. An gama filin jirgin sama a 2016, sai aka tarar iskar da ke kaɗawa a bakin dutsen da aka gina shi tana hana manyan jirage sauka lafiya. Jigilar fasinja ba ta fara ba sai 14 ga Oktoban 2017, da ƙaramin jirgi daga Johannesburg, kuma a watan Fabrairun 2018 aka sallami jirgin ruwan, ya rage sai na dakon kaya. Tun daga nan, duk ranar da iska ko gajimare suka hana sauka, mutanen tsibirin jira kawai suke yi. Ta wannan fuska mutanen Bonny sun fi su gata, domin hanyarsu ta ruwa, duk da aibinta, ba ta taɓa rufewa saboda an samu wata ba.

Abin da Bonny ta daɗe tana nema hanyar mota ce. An taɓa ba da kwangilarta a farkon shekarun 2000, aka yi watsi da aikin. A watan Oktoban 2017 mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da sabon aiki daga Bodo zuwa Bonny, kimanin kilomita 38, a hannun kamfanin Julius Berger, kan naira biliyan 120 da farko, NLNG tana biya ana cire mata daga haraji. Kuɗin ya ƙaru, an kuma sha ɗaga ranar kammalawa, domin ƙasar taɓo ce: sai an zuba yashi an jira ya zauna kafin a shimfiɗa kwalta, ga manyan gadoji uku a kan rafin Afa da rafin Nanabie da mashigin Opobo, ta ƙarshen ta haura kilomita ɗaya. Hanya irin wannan tana sauke farashin tumatir da nama a kasuwar Bonny, tana kai mai naƙuda asibitin Fatakwal da dare, tana kuma rage wa matuƙan titin Creek ciniki. Iyakarta Bonny. Bille da Kula da Akassa da ɗaruruwan sansanonin masunta da ke warwatse tsakanin Kogin Bonny da Kogin Nun ba sa kan layinta, kuma 'yan kasuwar da ke kai musu hatsi da albasa daga Mil 1 da Oyigbo har yanzu da asuba suke fita, domin su samu jirgin farko.